Karate, judo, taekwondo ko kokowa: wanne ne ke fitar da mutum idan aka tare shi a hanya?

Duk uban da ya taɓa kai ɗansa ko ƴarsa wani kulob na koyon faɗa a Yamai, Maradi ko Damagaram, da wuya a ce bai yi wa malamin wannan tambaya ba: idan wani ya tare yaron nan a hanya, abin da kake koya masa zai fitar da shi? Tambayar ta ƙara nauyi tun da ƙwacen salula da tare mutane da dare suka zama zancen da ake yi a kowace fada. Galibin masu tambayar kuma karate suke nufi, saboda a bakin mutanen gari duk wanda ya sa farin kimono ya ɗaura ɗamara karate yake yi, ko da judo ne ko taekwondo.

Finafinan gidajen bidiyo ne suka haddasa wannan ruɗani. Bruce Lee, wanda samarin jiya suka girma suna kwaikwayon ihunsa da tsallensa, ba ɗan karate ba ne. Kung fu na ƙasar Sin ya koya a Hong Kong, salon da ake kira wing chun, daga baya ya haɗa nasa salon a Amurka. Jackie Chan kuwa a makarantar wasan kwaikwayon gargajiyar Sin ya koyi tsalle da alkafura. Abin da ake gani a fim, mutum ɗaya ya watsa goma suna zuwar masa ɗaya bayan ɗaya, shiryayyen abu ne kamar rawa. Masu tare hanya ba sa bin layi.

Idan aka kwatanta waɗannan wasanni da idon kare kai, sunan wasan ba shi ne ya fi yanke hukunci ba. Abin dubawa shi ne yadda ake horon: shin ɗalibi yana gwada abin da ya koya a kan abokin da ke turjewa da gaske, yana neman ya buge shi ko ya kayar da shi, ko kuwa iska kawai yake naushi? Da wannan ma'auni za a fi gane inda karate yake da ƙarfi da inda yake da rauni.

Abin da karate ke bayarwa

Asalin karate tsibirin Okinawa ne, a kudancin Japan, kuma ma'anar sunan ita ce hannun da babu makami a cikinsa. Wani malamin makaranta, Gichin Funakoshi, shi ne ya gabatar da shi a birnin Tokyo a shekarar 1922, daga wurinsa ne kuma salon shotokan ya fito, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a duniya. Horon ya kasu uku. Akwai kihon, wato maimaita naushi da shuri da kariya har jiki ya haddace su. Akwai kata, jerin motsi da mutum ke yi shi kaɗai kamar yana faɗa da maƙiyan da ba a gani. Sai kumite, gwabzawa tsakanin mutum biyu.

Ɗan karate da ya daɗe yana kumite yana samun abu guda mai tsada: sanin tazara. Yana gane daidai inda hannun abokin gaba zai iya kai masa da inda ba zai kai ba, yana shiga ya buga ya fita kafin a rama. Naushinsa miƙaƙƙe ne, yana bin gajeriyar hanya, alhali mai faɗan titi yakan wurgo hannu ne daga gefe, a buɗe. Shurin gaba da ake kaiwa ciki ko mara yana iya tsayar da wanda ya taho da gudu, ya ba mutum daƙiƙa biyu ko uku na juyawa ya tsere. Ba ƙaramin abu ba ne wannan.

To amma dokokin gasar karate da aka fi bi a duniya sun ginu ne a kan riƙe hannu. Ana so ɗan wasa ya nuna cewa bugunsa ya isa wurin, ya janye shi ba tare da ya ji wa abokinsa ciwo ba, sai alƙalin wasa ya tsayar da su, ya ba da maki, kowa ya koma wurinsa. Abin da ya faru a wasannin Olamfik na Tokyo a watan Agustan 2021 ya nuna iyakar wannan tsari a fili. A wasan ƙarshe na maza masu nauyin sama da kilo 75, Tareg Hamedi na Saudiyya yana kan gaba da maki, sai ya kai wa Sajjad Ganjzadeh na Iran shuri a sama wanda ya sumar da shi nan take. Aka ɗauke Ganjzadeh a gadon ɗaukar marasa lafiya, alƙalai suka kori Hamedi saboda bugun ya wuce ƙa'ida, aka ba wanda ya suma lambar zinare. A dokar wasa hukuncin daidai ne. A titi kuwa, wanda ya rage a tsaye shi ne ya koma gida.

Labarin ya nuna abu biyu a lokaci guda. Bugun karate yana da ƙarfin da zai kwantar da ƙato. Amma mutumin da ya shekara biyar yana koyon janye hannu kafin ya sauka, yana jiran alƙali ya ce a tsaya, jikinsa zai iya yi masa hakan a ranar da babu alƙali. Ga kuma al'adar mayar da hannu ɗaya ƙugu a lokacin naushi, wadda ake koyarwa a kihon: tana barin fuska a buɗe ga wanda bai san wata ƙa'ida ba.

Ba duk karate ne haka ba. Salon kyokushin, wanda Masutatsu Oyama ya kafa ƙungiyarsa a 1964, ana bugu ne da cikakken ƙarfi a ƙirji da ciki da cinya, kuma ana iya cin wasa da sumar da abokin karawa. Ƴan wannan salo sun san zafin duka, ba ya firgita su. Sai dai su ma dokarsu ta hana naushi a fuska, alhali a faɗan titi fuska ce wurin da hannu ke fara nema.

Taekwondo da damben zamani

Ƴan Nijar suna da dalilin son waɗannan biyun, domin lambobin Olamfik biyu da ƙasar ta taɓa samu daga gare su suka fito. Issaka Daboré ya ciyo tagulla a dambe a Munich a 1972. Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo azurfa a taekwondo a Rio a 2016, shekara guda bayan haka kuma ya zama zakaran duniya a Muju, a Koriya ta Kudu. Nasarar Alfaga ta sa yara da dama sha'awar wasan, kuma babu laifi a cikin haka.

Taekwondo wasan ƙafa ne. Yana ba da sauri da laushin jiki da numfashi, kuma a gasarsa ana bugu da ƙarfi, ba taɓawa kawai ba. Matsalarsa ga mai neman kare kai ita ce an hana naushi a fuska, don haka ƴan wasa da yawa suna sakin hannuwansu ƙasa. Shurin kai kuma yana buƙatar fili da ƙasa mai kyau da wando mai faɗi. A cikin lungu, a kan rairayi, da silifas a ƙafa, wanda ya ɗaga ƙafa sama ya tsaya ne a kan ƙafa ɗaya, ana kama ta kuwa shi ke nan. Alfaga ya haura mita biyu a tsawo, ƙafarsa tana kaiwa inda ta wani ba za ta kai ba. Ba kowa aka ba wannan ba.

Damben zamani ya fi kowane ƙarancin dabaru: naushi iri huɗu ne ko makamancin haka, sai kariya da kaucewa da takun ƙafa. Wannan ƙarancin shi ne ƙarfinsa. Cikin ƴan watanni ɗalibi zai fara karawa da abokin da ke kai masa naushi a fuska da gaske, ya koyi kada ya rufe ido, kada ya juya baya, ya ajiye haɓa ƙasa da hannu sama. Ga wanda yake da ɗan lokaci kaɗan kuma kare kai ne burinsa, da wuya a sami abin da ya fi shi saurin amfani. Amma a filin wasa akwai safar hannu mai kauri. Hannu tsirara idan ya sauka a goshi ko ƙeya, ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa yakan karye, har likitoci suna kiran wannan karaya da sunan ƴan dambe. Idan kuma haƙorin mutum ya yanki gaɓar yatsa, ciwo ne mai saurin ruɓewa, na zuwa asibiti ne a ranar ko da ya yi kama da ƙaramin ƙwarzane.

Damben gargajiya na Hausawa, wanda mahauta suka shahara da shi, yana da wannan gaskiyar ta duka na ainihi, da jarumta da ba a saya a kasuwa. Tsayuwarsa ce ta keɓanta da filinsa: hannu ɗaya naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan a miƙe shi ne garkuwa.

Kokowa, dukiyar da ake rainawa

Faɗan gaske ba ya daɗewa a tazara. Cikin daƙiƙu kaɗan wani ya cafki kwalar wani, ko ya rungumo shi, ko ya ja shi ƙasa. A nan ne yawancin ƴan karate da taekwondo suke samun kansu a baƙon wuri, a nan ne kuma ɗan judo da ɗan kokowa suke gida.

Jigoro Kano ya kafa judo a Tokyo a 1882. Ya ɗauko tsofaffin dabarun jujutsu, ya ware waɗanda ke da haɗari ƙwarai daga karawar yau da kullum, ya bar waɗanda za a iya gwadawa da dukkan ƙarfi ba tare da an nakasa juna ba. Wasu na iya ganin kamar ya rage wa abin kaifi ne. Sakamakon ya zo akasin haka: ɗalibansa suna kayar da mutumin da ba ya son faɗuwa a kowace rana, don haka sun san dabarar tana aiki. Dabarar tsone ido kuwa, da wasu malamai ke cewa ta fi ƙarfin a gwada, ba wanda ya taɓa yin ta sau ɗari a kan abokin da ke motsi. Judo yana dogara da riƙon tufafi, kuma riga da jallabiya da kaftani da ake sawa a garuruwan Nijar duk wurin riƙo ne. Darasinsa na farko ma, koyon faɗuwa ba tare da kai ya bugi ƙasa ba, yana iya ceton mutum a faɗuwar babur kafin ya taɓa ceton sa a faɗa.

Duk wannan, yaron da ya tashi yana kokowa a dandalin ƙauye bayan girbi ya riga ya sami babban kaso daga ciki, bai biya ko dala ba. Kokowa ita ce sarauniyar wasanni a Nijar. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, inda Kantou na Maradi ya zama na farko da ya ɗauka, har zuwa zamanin Issaka Issaka na Dosso da ya ɗauke shi sau shida, babu wasan da ke tsayar da harkokin gari kamar ta. Abin da ɗan kokowa ya mallaka shi ne daidai abin da faɗan titi ke nema: ƙugu mai nauyi, ƙafa da ta kafu, riƙo mai ƙarfi, da jin inda nauyin abokin karawa ya karkata tun kafin ido ya gani. Kayar da irin wannan mutum aiki ne, kuma wanda ba a kayar ba yana iya gudu. A Okinawa ma, mahaifar karate, akwai kokowar gargajiya da ake kira tegumi, wadda yara ke yi tun suna ƙanana, Funakoshi kansa ya yi ta.

Raunin kokowar Nijar a bayyane yake. Babu duka a cikinta, saɓanin ta Senegal da ake haɗawa da naushi, don haka ɗan kokowa yakan shigo da kai a gaba, fuska a buɗe. Kuma da zarar an yi kaye wasa ya ƙare, makaɗa sun ɗauka, ba a koyi abin da ke biyo baya ba. Ɗan kokowar da ya ƙara wata shida na damben zamani a kan abin da yake da shi ya fi ƙarfin yawancin masu baƙar ɗamara da ba su taɓa shan naushi ba.

Abin da ke biyo bayan kaye shi ne fannin jiu-jitsu na Brazil, wanda iyalan Gracie suka gina a kan judo. A watan Nuwamban 1993, a birnin Denver na Amurka, aka shirya gasar UFC ta farko, aka haɗa ƴan wasanni daban-daban kusan babu doka don a ga wanda zai rage. Royce Gracie, wanda yana cikin marasa nauyi a wurin, shi ya cinye, ta hanyar kai abokan karawarsa ƙasa har su miƙa wuya. Wannan dare ya girgiza masu koyar da bugu a duniya. Amma bai kashe karate ba. A 2009 Lyoto Machida, ɗan wani malamin shotokan, ya zama zakaran UFC da tazara da naushin karate tsantsa, bayan ya ƙara sumo da jiu-jitsu a kan horonsa don kada a kai shi ƙasa. Georges St-Pierre na Kanada, wanda ake lissafawa cikin gwanayen wannan fage, da kyokushin ya fara. Karatensu ya yi aiki ne bayan sun toshe ramukan da ya bari.

Jiu-jitsu shi ma yana da nasa ramin. Kwanciya a ƙasa ana shaƙe mutum ɗaya dabara ce mai kyau a kan tatami. A bakin tasha, inda abokansa biyu ke tsaye da takalma a ƙafa, ƙasa ita ce wuri mafi muni, domin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Wuƙa, da abin da babu malamin da zai iya alkawarta

Duk kwatancen da ya gabata na hannu da hannu ne. Idan wuƙa ko adda ta fito, lissafin ya rushe. Dabarun ƙwace wuƙa da ake nunawa a bukukuwan kulob, har da na krav maga da sojojin Isra'ila suka shahara da shi, suna tafiya sumul ne saboda mai riƙe da wuƙar robar ya kawo suka ɗaya ya tsaya yana jira. Mai wuƙar gaske yana riƙe mutum da hannu ɗaya yana suka da ɗayan babu tsayawa, sau da yawa ma wanda aka soka bai san akwai wuƙa ba sai ya ga jini. Malami zai iya gwada wannan da ɗalibansa cikin sauƙi: a ba ɗaya alli ko alƙalamin rubutu a allo a maimakon wuƙa, a ce ya kai hari da gaske, a duba rigar mai karewa bayan daƙiƙa goma. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Salula ko babur da aka nema da makami, a miƙa, a lura da kamannin mutanen da hanyar da suka bi, a tafi wurin ƴan sanda ko jandarma.

Akwai kuma abin da tsoro ke yi wa jiki. Zuciya tana bugu da sauri, hannu yana rawa, ido yana kafewa a kan mutum ɗaya ya daina ganin gefe. Dabara mai matakai biyar tana ɓacewa, abin da jiki ya maimaita sau dubu a ƙarƙashin matsi ne kawai ke saura. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa karawa da mai turjiya ta fi yawan dabaru muhimmanci.

Ga ƴan mata da matan aure, batun ya ɗan bambanta. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta nuna cewa galibin cin zarafin da mata ke fuskanta yana fitowa ne daga namijin da suke tare da shi, ba daga baƙo a lungu ba. Harin kuma yakan fara ne da riƙe hannu ko ja ko dannewa. Don haka kuɓutar da wuyan hannu, ture mai nauyi, tashi daga ƙasa da sauri, da ɗaga murya ba tare da jin kunya ba, sun fi shurin kai amfani, balle ga wadda ke ɗaure da zane. Judo da jiu-jitsu sun fi kusa da wannan buƙata. Bambancin nauyi gaskiya ne, shi ya sa yawancin gasanni suke raba ƴan wasa aji-aji bisa kilo, kuma malamin da ya ce wa yarinya mai kilo 50 ƙarfi ba ya da tasiri, cutar ta ya yi.

Wanda ya iya faɗa kuma yana da wani haɗarin da ba a cika faɗa masa ba. Naushi ɗaya ko kaye ɗaya a kan kwalta, ƙeya ta bugi ƙasa, yana iya zama kisa. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta amince da kare kai, na mutum ko na waninsa, amma sai idan harin yana gudana a lokacin kuma babu makawa sai an mayar da martani, martanin kuma ya dace da girman harin. Bin wanda ya juya yana gudu, ko ci gaba da dukan wanda ya riga ya faɗi, ya fita daga kare kai. Gardamar da aka fara a kan goga babur a kasuwa tana iya ƙarewa a gidan kaso.

Uban da ke neman kulob zai fi gane gaskiya idan ya zauna ya kalli horo guda daga farko har ƙarshe kafin ya biya kuɗin rajista. Ya duba ko manyan ɗalibai suna karawa da juna da kayan kariya a baki da hannu, ko kuwa duk lokacin yana tafiya a jere ana naushin iska. Ya duba ko ana koya wa yara faɗuwa, da abin da za su yi idan an rungume su ta baya. Ya lura da yadda malami ke tsawatarwa idan babba ya zalunci ƙarami, domin kulob ɗin da ake jibgar sababbi da sunan taurara su yana haifar da ciwon kai da ƴan daba. Yara ƙanana ba sa buƙatar duka a ka ko kaɗan, a shekarunsu karate ko judo ko taekwondo duk suna ba da ladabi da lafiyar jiki da ake nema. Ya tambayi ko kulob ɗin yana ƙarƙashin hukumar wasan ta ƙasa, ya kuma tambayi shekara nawa ake ɗauka kafin baƙar ɗamara. Inda aka amsa masa da shekara ɗaya, ya ɗauki yaronsa ya leƙa kulob na gaba.